Ciwon MND a Ingila: wace ƙungiya za a fara kira?

Idan likita ya tabbatar wa ɗan'uwanka ciwon MND (motor neurone disease), wanda a Amurka ake kira ALS, irin wanda masanin kimiyya Stephen Hawking ya yi fama da shi, lokaci ne ba ku da shi. Jijiyoyin da ke motsa tsoka ne ke mutuwa sannu a hankali: hannu ya saki, ƙafa ta ƙi ɗauka, harshe ya yi nauyi, daga baya haɗiya da numfashi. Ƙwayar maganin riluzole 'yan watanni kawai take ƙara wa mutum a rayuwa, kuma fiye da rabin masu ciwon na rasuwa cikin shekara 2 da ganowa. Shi ya sa ni da sauri nake auna ƙungiya.

A nan MND Association ta fi kwanta min a rai. Tun 1979 take aiki a Ingila da Wales da Arewacin Ireland. Layin wayarta, MND Connect, mutum ne ke ɗauka ya saurare ka. Tana ba da aron na'urar magana, da tallafin kuɗi na kayan da jinya ke bukata, kamar kujerar da ke ɗaga mutum ta miƙar da shi, ga kuma masu sa kai da ke zuwa har gida. Abin da ya fi taɓa ni shi ne adana murya. Tun harshe bai karye ba, a sa mara lafiya ya naɗi maganganunsa da Hausa: "ba ni ruwa", "gyara min matashi", sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, don na'urar magana ta riƙa faɗin su da muryarsa idan magana ta gagara. Kada a ce sai an ga dama.

Mazauna Scotland su nemi MND Scotland. My Name'5 Doddie Foundation ƙarfinta na wajen bincike ne. ALS Association, wadda ta yi suna da gangamin tara kuɗi na kwara wa kai ruwan ƙanƙara a 2014, ta Amurka ce.

Sai masu cin amana, kuma a kansu zan daɗe. Lokacin jinyar kawuna, wani asibiti a ƙasar waje ya yi mana alkawarin dashen ƙwayoyin halitta, da bidiyon wani wai ya tashi daga keken guragu. Kuɗin magani suke so gaba ɗaya kafin su ga majinyaci. Har yau wannan ciwon ba shi da maganin warkewa, duk wanda ya ce yana da shi aljihunka yake kallo, ko da farar riga ya zo ko da kwalbar tsimi a WhatsApp. Ƙungiyar gaskiya tana da lambar rajista da za ka duba a shafin Charity Commission, hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin agaji a Ingila da Wales, ba ta karɓar kuɗi kafin ta taimaka, ba ta kuma tura ka asusun wani mutum. Addu'a kam a yi ta dare da rana, amma wanda ya ce a cire na'urar numfashi ko bututun abinci don maganinsa ya yi aiki, ku sallame shi nan take, ku sanar da ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ku.