Vatican ko Borghese? In rana ɗaya gare ka a Rum, ga inda za ka

Malam, tunda rana ɗaya rak taron naku na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya bar maka a birnin Rum, kuma ka tambaya inda ya fi dacewa ka je tsakanin gidajen tarihin Vatican da gidan zane da sassaƙe na Galleria Borghese, to Borghese za ka je. Ka nemi tikitin tun kana gida, domin ba a shiga sai wanda ya kama gurbi, kuma a lokacin da baƙi suka yi yawa gurbin yakan ƙare tun saura kwanaki.

Na ga wasu 'yan'uwa suna ba ka shawarar ka haɗa biyun, Vatican da safe, Borghese da yamma. Taura biyu ba ta taunuwa. Za ka iya, amma kafin la'asar ƙafa ta yi tsami, ido ya ƙoshi, ka tsaya gaban aikin da mutane ke tsallako teku don su gani kana neman benci.

Borghese asalinsa gidan mutum ɗaya ne. Kadinal Scipione Borghese, babban limamin cocin Katolika, wanda kawunsa ya zama Fafaroma Paul na Biyar a 1605, shi ya gina shi a farkon shekarun 1600 don ya tara abin da ransa ke so. Ɗakuna 20 ne a hawa biyu, a tsakiyar wani makeken lambu, kuma awa biyu ake ba kowa. Mai gidan ba waliyyi ba ne. A 1607 aka ƙwace zane sama da 100 daga hannun wani mai zane da ake kira Cavalier d'Arpino, suka ƙare a wurinsa. A 1608 aka shiga wata majami'a a garin Perugia da dare aka ciro babban zanen Raphael na 1507, mutanen gari suka yi ta kuka, kawu ya fitar da takarda cewa zanen ya zama na ɗan 'yar'uwarsa, su kuma aka aika musu da kwafi. Yana nan rataye a hawan sama har yau. Amma dai a ba shi haƙƙinsa, mutumin yana da ido. Shi ya ɗauki mai sassaƙa Gian Lorenzo Bernini aiki tun yana saurayi ɗan shekara kusan ashirin, kuma abin da yaron nan ya yi da dutsen marmara tsakanin 1618 da 1625 shi ne dalilin da ya sa nake tura ka can.

Da maiɗakina muka je. Tun daga masauki take mita, wai duwatsu za a kai ta kallo alhali ga shaguna. Tela ce, abin da ya dame ta yadi da ɗinki. Muna shiga ɗakin da mutum-mutumin Apollo da Daphne na Bernini yake, wani dattijo cikin masu gadi ya yafito mu da hannu, ya tsayar da mu ta bayan mutum-mutumin, ya yi mana alama mu zagaya a hankali. Daga baya ba ka ganin komai sai saurayi yana gudu, mayafinsa na tashi. Kana takawa sai budurwar ta fara bayyana. Tatsuniyar Girkawa ce ta dā: ya bi ta, ta roƙi mahaifinta ya cece ta, ta rikiɗe ta zama itaciya. Bernini ya kama daidai lokacin da abin yake faruwa. Yatsun hannunta sun tsiro ganye, yatsun ƙafarta sun zama saiwa suna shiga ƙasa, ɓawon itace ya taso yana rufe ta, bakinta a buɗe. Ganyen nan siraransu har haske na ratsa su. Maiɗakina ta rantse kakin zuma ne aka liƙa, dattijon yana ta dariya yana girgiza kai. Daga nan ba ta sake zancen shago ba.

Abin da ya fi kama ta ma ba na Bernini ba ne. Akwai aikin Antonio Canova na tsakanin 1805 da 1808, ƙanwar Napoleon, Pauline, wadda ta auri ɗan gidan Borghese, tana kishingiɗe. Ita matar ba ta dame ta ba, katifar take kallo: yadda ta lotsa inda nauyin jiki ya sauka, yadda zanen gado ya tattare, yadda matashin ya lanƙwashe. Duk dutse ne. Sai da na riƙe mata hannu, don ta kusa dannawa ta ji. Ni kuma inda na daɗe shi ne ɗakin mutum-mutumin Pluto da Proserpina, aikin Bernini na 1621 zuwa 1622. Ka matsa ka dubi yatsun namijin inda ya damƙe ta, sun nutse cikin dutsen kamar nama ne, ga hawaye a kumatunta. Shekarar mai sassaƙar 23 lokacin da ya yi wannan.

A hawan ƙasan nan dai akwai ɗaki guda mai zanen Caravaggio har shida, babu wani gida a duniya da ya tara nasa haka. Mutumin rigimamme ne, ya kashe wani a Rum a 1606 ya gudu, ya mutu a 1610 yana neman afuwa. A ɗaya daga cikin zanen, yankakken kan Jalut da ake riƙe da shi fuskarsa ce shi kansa ya zana. Kuma kada ka wuce babban zauren shiga ba ka kalli ƙasa ba. Akwai daɓen ƙananan duwatsu na ƙarni na huɗu mai hoton 'yan dambe da takobi na zamanin Rumawa, kowa da sunansa a rubuce, wanda aka kashe kuma an sa masa wata alama mai kama da sifili da aka ja wa layi. Yawancin mutane sama suke kallo, su wuce shi.

Vatican kuwa, to, babba ne, ba wanda ya musa. Tun 1506 ake tarawa, zamanin Fafaroma Julius na Biyu. Rufin majami'ar Sistine da Michelangelo ya zana daga 1508 zuwa 1512 yana can, ga dogon zauren taswirori 40 mai tsawon mita 120. Sai dai fiye da mutum miliyan 6 ke shiga a shekara, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suka nufa ta hanya ɗaya. Kantin Kwari ne ana gobe Sallah: ba kai ke tafiya ba, tafiya ake yi da kai. In ka isa Sistine ɗin, a tsaye za ka ɗaga wuya, an hana hoto, an hana surutu, na baya na jira ka matsa. Abu guda da nake jin za ka yi asararsa shi ne zanen Raphael na taron masana falsafa, wanda ya yi tsakanin 1509 da 1511. A gefen hagu ta ƙasa akwai wani mai rawani ya sunkuyo yana leƙa littafin da ake rubutawa, masana suka ce Ibn Rushd ne, alƙalin Kurɗuba ɗan mazhabar Malikiyya, mai Bidayatul Mujtahid da ake karantawa a zaurukanmu. Ganinsa a bangon fadar Fafaroma abu ne. Amma ba zan ce ka ba da ranarka ɗaya tilo saboda kusurwar bango ba. Ka bar shi sai zuwan da kake da kwana uku.

Kuɗi ba shi zai raba gardama ba. Na Vatican Yuro 20 ne tun daga 2024, da ƙarin 5 in ta intanet ka kama gurbi. Na Borghese ya ɗan fi sauƙi, sai dai ana ƙara wani abu idan an kawo baje-kolin wucin gadi, kuma suna yawan kawowa.

Ga wata magana da gara ka ji ta daga bakina kafin ka biya. Duka wuraren biyu cike suke da siffofin mutane ba sutura, maza da mata, kuma duka biyun suna da zane da sassaƙe da aka yi da sunan annabawa. A Borghese akwai saurayi mai majajjawa, ya cije leɓe zai yi jifa, da sunan Annabi Dawud aka yi shi, ko da yake ana cewa fuskar ta Bernini ce. A Sistine abin ya fi haka nisa, har Mahalicci suka siffanta. Kowa ya san inda zuciyarsa ke tsayawa. In ka san ba za ka iya ba, kada ka sayi ko ɗaya, ka je Colosseum, tsohon filin wasan Rumawa, da kangayen tsohon gari, nan gini ne da tarihi, kuma daga ofishin FAO da ƙafa ma za ka isa.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa: ka yi hattara da 'yan tikiti. Daga tashar jirgin ƙasa ta Ottaviano har bangon Vatican za ka gan su, da kati rataye a wuya da riga mai rubutu kamar ma'aikata. Za su tare ka su ce layin awa uku ne, ko tikitin yau ya ƙare, su suna da hanya. Abin da suke sayarwa tikitin nan ne dai na kowa, an ninka kuɗinsa biyu ko uku, an haɗa ka da ayarin da za ka jira ya cika. Wasu har tikitin shiga majami'ar Saint Peter suke tallatawa, alhali shigarta kyauta ce, layin binciken tsaro kawai ake bi, hawa ƙubbar ne ake biya. A intanet ma haka. Shafukan da ke fara fitowa in ka bincika galibi na dillalai ne da suka biya kuɗin talla, sun yi ado da hotuna kamar su ne masu gidan. Na Vatican na gaskiya adireshinsa da .va yake ƙarewa. Na Borghese ka shiga ta shafin gidan kansa, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar al'adu ta Italiya, tunda gwamnati ta saye shi tun 1902. Duk wanda ya ce zai shigar da kai Borghese ba gurbi, ƙarya yake. Wanda kuma ya kama hannunka da fara'a zai ɗaura maka zare wai kyauta, ka janye hannunka, ƙarshenta kuɗi ne. Walat da fasfo a aljihun gaba, musamman a jirgin ƙasa na layin A da bas mai lamba 64.

Ranar da za ka, ka isa da rabin awa kafin lokacinka, domin sai ka ajiye jaka a ma'ajiya kafin a bar ka ka shiga, kuma makara daga cikin awa biyunka ake cire ta. Daga tashar Spagna ko Flaminio tafiyar kamar minti ashirin ce ta cikin lambu, ka sa takalmi mai daɗi. In an buɗe, jama'a kan dunguma hawan ƙasa. Kai ka haye sama tukuna, ka ba zanen Raphael da na Titian rabin awa cikin natsuwa, sannan ka sauko lokacin da su suke hawa, ka ba Bernini da Caravaggio duk abin da ya rage. Kada ka yi akasin haka, na ga waɗanda lokaci ya ƙare musu suna kan matakala.

In ka fito, ka bi lambun zuwa tudun Pincio, daga nan za ka hango rabin gari har da ƙubbar Saint Peter. Ka gangara dandalin Popolo, a majami'ar da ke bakin ƙofa akwai ƙarin Caravaggio biyu in ba ka ƙoshi ba.

In ranar taka Juma'a ce ma ta faɗo daidai. Babban Masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995 da tallafin Saudiyya, yana wannan ɓangaren na arewacin gari. Ka kama gurbin ƙarfe tara, ka fito sha ɗaya, ka hau ƙaramin jirgin da ke tashi daga Flaminio ka sauka a Campi Sportivi, za ka riski huɗuba ba gaggawa. Ginin kansa abin kallo ne, ginshiƙansa sun rarrabu a sama kamar rassa.

Ka dai duba kalanda kafin ka biya. Borghese ba ya buɗewa ran Litinin, Vatican kuma ran Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, wadda ba na yi wa kowa fatan layinta. In ranar taka Litinin ce, to babu yadda za ka yi, ka kama gurbin farko na safe a Vatican, ka miƙe ɗakunan Raphael, inda zanen masana falsafan nan yake, ba tsayawa.