Gutiyar ta ƙara wa haƙora fari: sharhi bayan dare 14 a Yamai

Gutiyar, kamar yadda likitocin haƙori ke ce mata a nan Yamai, siririyar roba ce garai-garai da ake yi daidai bakin mutum ɗaya, a ɗiga magani a ciki, a kifa ta kan haƙora. Na kwana da ita dare 14 da maganin ƙara wa haƙora fari da ake kira karbamid feroksaid, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Tana aiki, amma kyanta ba daga maganin yake ba, daga awon baki yake.

Da aljinat ake awon. Gari ne da ake kwaɓawa da ruwa ya yi kamar ƙullun ƙosai, a cika cokalin awo, a danna shi kan haƙora minti 2 zuwa 3 har ya daskare. A nan zafin garinmu yake fara ɓarna. In aka kwaɓa da ruwan famfo mai ɗumi a watan Afrilu, kafin cokali ya kai baki ya soma kamawa, sai gefen dasashi ya ƙi fita sarai. Wanda ya san aiki da ruwan sanyi yake kwaɓi. Da an cire kuma, a zuba wa awon filasta mai ƙarfi, wato kwaɓin farin gari da ke daskarewa ya ba da siffar haƙoran, cikin minti 10 zuwa 15, don aljinat da ya sha iska tsukewa yake, balle da hunturu. Siffar da ta tsuke ita ke haifar da gutiyar mai matse baki. Kumfa ma tana da nata sharrin: in ta maƙale cikin filasta sai ta bar rami, roba ta shige ramin, ta fito da ɗan ƙullutu da zai hana ta zama daram.

Sauran aikin ba wuya. Filasta ta bushe, a gasa faifan roba mai kaurin milimita 1 har ya yi laushi ya lotsa, na'ura ta zuƙe iska ya lafe jikin siffar, a datse da almakashi bisa layin dasashi. Shafa yatsa a bakin robar kafin ka karɓa. In da kaifi, a goge maka nan take.

Magani kuwa, ɗigo kamar ƙwayar dawa ga kowane haƙori ya isa. Mai cika shi don ya yi saurin fari dasashinsa ne zai ƙone, ya yi fari fat yana zogi. Tsamin haƙori da ruwan sanyi kan zo a kwanakin farko. Hutun dare ɗaya da man goge baki mai potasiyom nitrat suna kwantar da shi.

Dattin shayi, kofi da goro ya ja baya sosai, ko da yake sai likita ya fara kankare tsatsar da ta daskare. Ciko da haƙorin roba ba sa canza launi ko kaɗan. Tabon da yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha ke bari a haƙora, irin wanda aka sani a Tibiri ta jihar Maradi, ya fi taurin kai, wani ma sai an haɗa da wani aikin.

Kada a ruɗa gutiyar ta ƙara fari da gutiyar ta daidaita haƙora. Waccan roba ce mai tauri, jeri-jeri ake yin ta daga hoton baki na kwamfuta, kowace tana tura haƙori kamar rubu'in milimita, ana sa ta awa 22 a rana, a sauya bayan mako 1 ko 2. Ta fari ba ta motsa haƙori.

A wanke ta da ruwan sanyi kawai. Ruwan zafi, ko barin ta cikin mota da tsakar rana, zai lanƙwasa ta, sai dai a sake wata. Maganin kuma firji yake so.