Gajerun littattafan ta'asa masu ban dariyar takaici: wanda za ka fara saya, da wanda za ka bari a kanta

Duk wanda ya shiga neman gajeren littafin laifi irin wanda ake kira noir zai tarar da bango iri ɗaya ya cika ko'ina: namiji da malafa a gindin fitilar titi, ruwan sama, mace da jan baki, hayaƙin taba. Bangon ba ya gaya maka komai. Rabin littattafan da ke sanye da shi labaran ɗan sanda ne na yau da kullum, inda wani ya yi kisa, gwani ya bi sawu ya kamo shi, kowa ya koma gida ya yi barci. Wanda muke magana a kai ba haka yake tafiya ba. Kana tare da mai laifin ne, ko da wanda ke gab da zama mai laifi, kuma tun daga shafukan farko ka san ba zai sha ba. Shi kaɗai ne bai sani ba. Nan dariyar take. Mutum ya matsu, ya ƙulla dabarar da yake ganin ba a taɓa yin irinta ba, kai kuwa kana kallonsa yana gina ramin da zai faɗa. Za ka yi dariya, bayan layi biyu ka ji kunyar dariyar da ka yi.

Gajartar ma tana da tushe. Daga 1950 kamfanin Fawcett na Amurka ya riƙa fitar da jerin Gold Medal, ƙananan littattafai masu bangon takarda da ke shiga aljihu, ana sayar da su a wuraren sayar da jarida da tashoshi. A Faransa kuma kamfanin Gallimard ya buɗe jerin Série Noire tun 1945 a hannun Marcel Duhamel. Marubutan da ke ciyar da waɗannan jeri suna rubutu ne cikin makonni don biyan kuɗin haya, ba su da sararin yin shafi talatin kan yarintar jarumi. Labarin mutumin da ya kama gangara kuwa ba ya son tsawo. Da an ja shi, mai karatu zai fara tambayar me ya hana wannan sakaran tsayawa, shi ke nan dariya ta mutu.

Idan littafi ɗaya kawai za ka saya, sayi A Rage in Harlem na Chester Himes. Ba na ɓoye cewa shi ne gwanina. Himes baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a 1909, an ɗaure shi a 1928 bisa fashi da makami, a gidan yarin Ohio ya fara rubutu, ya fito a 1936. Ya yi littattafai masu nauyi kan wariyar launin fata, ba su ciyar da shi ba, ya ƙaura Faransa a 1953. A can Duhamel ya ce ya gwada rubuta labarin laifi. Abin da ya fito a 1957, wato wannan littafin, ya ci babbar lambar yabon adabin laifi ta Faransa a 1958.

Dubi yadda littafin ya buɗe. Jackson, mutumin kirki mai zuwa coci, yana aiki wurin mai sana'ar jana'iza, ya tara dala 1,500 a takardun dala goma-goma. 'Yan damfara suka ce suna da sinadarin da ke mai da takardar goma ta koma ta ɗari. Aka naɗe kuɗinsa a kwali aka sa a tanderun girki, Jackson yana tsaye gumi na keto masa, yana lissafin dala 15,000. Tanderu ya yi bindiga. Kafin hayaƙi ya lafa wani mai cewa shi jami'in gwamnati ne ya faɗo ɗakin, kowa ya arce, aka bar Jackson a hannu. Don ya ba da cin hanci a sake shi, ya je ya buɗe akwatin kuɗin maigidansa. Don ya mayar da abin da ya ɗauka, ya nufi gidan caca da ragowar. Ka ga yadda kowace ƙofa da ya buɗe don tsira take kai shi ɗaki mafi duhu? Duk wannan kuma bai taɓa zargin budurwarsa Imabelle ba, ko da wasa. Da ya rasa inda zai sa kansa sai ya je wurin tagwayensa Goldy, wanda ke shigar sistocin coci yana zama a bakin titi yana sayar wa mutane tikitin shiga aljanna.

Abin da ya sa nake fifita Himes shi ne ba ya tsayar da labari don ya ba ka barkwanci. Babu wanda ke wasa a cikin littafin. Kowa da gaske yake, kowa yunwa ce ko haya ko soyayya ta tura shi, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Kana cikin dariyar motar ɗaukar gawa da ke sheƙa gudu a titunan Harlem, unguwar baƙar fata ta birnin New York, sai a watsa wa ɗan sanda Coffin Ed Johnson asid a fuska, kuma wannan tabon ba ya gogewa, yana bin sa har sauran littattafan jerin Harlem na Himes, ya mai da shi mutum mai saurin hannu da abokin aikinsa Grave Digger Jones ke fama da riƙewa. Marubucin da ke barin ciwo ya zauna haka, shi ne wanda dariyarsa ke da nauyi. In ka gama wannan, wuce zuwa Cotton Comes to Harlem na 1965: wani malamin coci na bogi ya karɓi dala dubu-dubu daga iyalai 87 da alkawarin mayar da su Afirka, aka yi fashin kuɗin, suka ƙare a cikin dilar auduga da kowa ke nema a birnin da ba a noma. A nan 'yan sandan biyu sun fi fitowa, labarin ya fi tsari, amma ni na fi son haukan na farkon.

Wanda ya zo kusa da shi a wurina Jim Thompson ne, kuma Pop. 1280 na 1964 nake nufi. Nick Corey, shugaban 'yan sandan wata ƙaramar gunduma, shi ke ba da labarin da bakinsa, yana nuna kansa a matsayin rago marar wayo da ba ya son komai sai ci da barci, alhali duk wanda ya tsaya masa a hanya ba ya daɗewa. Ka ɗauki lokaci kafin ka gane da wa kake hira. Sai dai kada mai sayarwa ya miƙo maka The Killer Inside Me na 1952 ya ce ai duk ɗaya ne. Marubuci ɗaya ne, amma wancan dukan mata ne a fili, dariyar cikinsa kaɗan ce.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. The Postman Always Rings Twice na James M. Cain, 1934, shi ne kakan gajartar, ka karanta don ka san tushe, amma ba zai sa ka dariya ba. Donald Westlake yana da fuska biyu: The Hot Rock na 1970, inda ɓarayi ke ta sake satar dutse ɗaya mai daraja, raha ce zalla babu duhu, The Ax na 1997, inda manajan kamfanin takarda da aka sallama ya buga tallar aiki ta ƙarya don ya gano waɗanda suka fi shi cancanta ya kawar da su, wannan kam ya cika sharaɗi, shi za ka ɗauka. Fatale na Jean-Patrick Manchette, 1977, a zama ɗaya ake gama shi, sanyi ƙalau kamar rahoton asibiti, ba kowa zai ji daɗinsa ba. My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018, babobinsa gajeru ne ƙwarai, ma'aikaciyar jinya ce ke goge jinin samarin da ƙanwarta ke kashewa, ya dace da wanda bai taɓa shiga wannan fage ba. Raymond Chandler gwanin jimla ne, amma jaruminsa mai gaskiya ne, wani layi ne daban. Manyan littattafan ƙasashen arewacin Turai masu shafi ɗari biyar da ake liƙa wa sunan noir kuwa, dusar ƙanƙara da ɗan sanda mai ciwon rai, ka bar su sai ranar da kake neman abin da zai sa ka barci. Jerin tarin gajerun labarai na kamfanin Akashic, wanda ya fara da Brooklyn Noir a 2004 yana bin birane ɗaya bayan ɗaya, sa'a ce: labari uku masu kyau, goma na cika shafi.

Zaɓen marubuci ma shi ne mai sauƙi. Inda ake cin mutane shi ne wajen sayen kwafin.

Fara da sunaye. Littattafan wancan zamani ana sake musu suna duk lokacin da aka sake bugu ko aka yi fim. For Love of Imabelle da A Rage in Harlem littafi ɗaya ne. The Heat's On ya taɓa fitowa da sunan Come Back, Charleston Blue. Blind Man with a Pistol na 1969 ya fito da sunan Hot Day, Hot Night. Masu sayar da tsofaffin littattafai a intanet sun san haka sarai, wasunsu kuma za su jera maka biyun a matsayin littattafai daban, har su kira ɗayan wanda ba a cika samu ba. Kafin ka biya, nemi hoton shafin haƙƙin mallaka, can ake rubuta sunan da littafin ya fara fitowa da shi.

Sai yankewa. Tsofaffin fassarorin Série Noire an san su da datse littafi don ya shiga adadin shafukan da jerin ya saba. Pop. 1280 ma da ya fito da Faransanci a 1966, a matsayin littafi na 1,000 a jerin, an rage shi, sai a 2016 aka samu cikakkiyar sabuwar fassara. In da Faransanci kake karatu, duba shekarar fassara da sunan wanda ya yi ta. Kowane harshe ne ma, littafin da aka ce fassara ne amma babu sunan mai fassara a jikinsa, ajiye shi. Yawanci inji aka ba, kuma inji ba ya jin ba'a. Zai kawo maka ma'anar kalmomi daidai, ya bar dariyar a hanya.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ƙona min rai. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa turo min abin da ya kira tarin gajerun labaran noir na barkwanci, bango mai kyau, taurari biyar-biyar a ƙasa, sharhi sai yabo. Labari na farko, jami'in bincike mai shan giya a ofis, mace ta shigo, ruwa na zuba a taga. Na biyu, sunan jami'in ya canza, ruwan bai tsaya ba. A na uku mutumin da aka harbe a shafi na huɗu ya dawo yana magana a shafi na tara, ba fatalwa ba, ba dabara ba, an dai manta an kashe shi ne. Kowane sakin layi yana ƙarewa da 'yar jimlar hikima kan birnin da ba ya barci. Ba mutum ya rubuta shi ba, ƙirƙirarriyar basira ce aka ce ta kwaikwayi salo, ta kuwa kwaikwayi malafa da taba ta bar mutanen. Irin wannan kaya ya yi yawa yanzu, kuma gajerun littattafai ya fi addaba, don shafi tamanin ba wuyar cikawa. Alamominsa ba sa ɓuya: marubuci da ba a san shi a ko'ina ba amma ya fitar da littattafai goma sha a wata ɗaya, babu sunan kamfanin ɗab'i, sharhin masu saye duk gajeru ne masu kama da juna kuma a mako guda aka zuba su. Karanta samfurin da ake bayarwa kyauta. In ka kai shafi na biyar ba ka san bashin da ake bin jarumin ba, ko abin da yake tsoro, rufe.

Akwai kuma masu taƙaitawa. Za su sa sunan sanannen marubuci da na littafinsa da manyan haruffa, can ƙasa da ƙananan haruffa su rubuta cewa taƙaitawa ce da sharhi. Ka biya, a turo maka shafi talatin da suka tona maka ƙarshen labari. Ga masu kwashe tsofaffin labaran mujallun shekarun 1920 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, waɗanda ana samunsu kyauta, su sa musu sabon bango su kira su zaɓaɓɓu. Ga fayilolin sata da ake yawo da su a waya, waɗanda aka ɗauki hoton shafi inji ya karanta: haruffa a cakuɗe, zancen mutum biyu a manne, wani lokaci shafukan ƙarshe babu. A labarin da duk nauyinsa ke kan shafi biyu na ƙarshe, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Don kauce wa duk wannan, bi sunan maɗaba'a. Himes yana cikin jerin Vintage Crime/Black Lizard da na Penguin Modern Classics. Manchette da Turanci yana wurin NYRB Classics, da sunan mai fassara a bango. Library of America tana da kundi ɗaya na littattafan laifi biyar na shekarun 1950, ciki har da The Real Cool Killers na Himes, in kana son gwada hannu da yawa a saye ɗaya, ko da yake kundin ya fi ƙarfin aljihu. Kwatanta adadin shafukan kwafin da ake tallata maka da na ɗaya daga cikin waɗannan bugu. In ratar ta kai rabi, an yanke wani abu.

In kuma Himes ya kama ka har ka shiga tattara jerin Harlem gaba ɗaya, bar Plan B a ƙarshe. Bai kammala shi ba kafin rasuwarsa a Sifaniya a 1984, sai a 1993 ya fito da Turanci, kuma abin da ya yi wa Coffin Ed da Grave Digger a ciki ba abin da za ka so gani ba ne tun ba ka saba da su ba.