Intanet ɗaya, kwamfuta uku: abin da za ka duba kafin ka sayi akwatin wifi a Damagaram

A gidan yayata da ke Sabon Gari kwamfuta uku ce, salula kuwa ban ƙirga ba. Maigidanta malamin makaranta ne, a tasa yake shirya darasi. Babban ɗansu yana Jami'ar André Salifou, kullum cikin sauke takardu yake. Ita kuma tana da tsohuwar kwamfutar tebur a shagon ƙofar gida, inda ake buga wa mutane takardu. Kowa da forfensa, wato datar da yake saya a layinsa, kowa da ranar da nasa ke ƙarewa. Ran nan ta kira ni ta ce: "Ƙanena, zo ka haɗa mana abin nan wuri guda, ɗibar ruwa da kwando muke yi." Tun daga ranar gidaje da dama sun yi mini irin wannan kira, kuma tambayar ɗaya ce: wanne za mu saya?

Mu ƴan Damagaram ba sai an koya mana rabon ruwa ba. In famfo ɗigo yake yi, ko bokiti goma ka jera, ɗigon nan za su raba. Haka intanet yake. Akwatin da za ka saya rabawa yake yi, ba ya ƙara abin da ke shigowa. In gudun da ke iso gidanka megabit 10 ne a daƙiƙa, kwamfuta uku suka kama aiki lokaci guda, kowace ta samu uku da ɗoriya. Saboda haka kafin ka taka ƙafa kasuwar Dole, fara auna rezo. Ari layin Airtel, da na Moov Africa, da na Zamani, da na Niger Telecom a wurin ƴan uwa, ka gwada kowanne a salularka, a daidai ɗakin da akwatin zai zauna. Kada ka gwada da hantsi kawai. Gwada bayan sallar isha'i, lokacin da gari duka ya hau kallon bidiyo; nan ake gane na ƙwarai. Layin da ke gudu a Zango yana iya yin rarrafe a Garin Malam, kai, ko a gida ɗaya, na ɗakin gabas daban da na yamma.

Hanya mafi arha tana aljihunka: ka kunna rabon intanet a salula, abin da yara ke cewa partaj, kwamfutoci su kama. Ko dala ba ka kashe ba. Yawancin salulolin Android suna ɗaukar na'urori har goma. Ga mai kwamfuta ɗaya ko biyu da ke shiga jefi-jefi, wannan ya wadatar, kuma ba zan ce ya sayi komai ba. Matsalar tana farawa ne in abin ya zama na kullum. Salula ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, batir ya riƙa zuba, sannan mai ita in ya tafi masallaci ko kasuwa, intanet ɗin gida ya bi shi. In dole sai wannan hanya, keɓe tsohuwar salula ta zauna gida, ka cire mata riga don ta sha iska. Kwamfutar da ta fi aiki kuma ka haɗa ta da kebul na USB: ya fi wifi tsayuwa, yana kuma cajin salular a lokaci guda.

Ita ma Windows 10 da 11 tana iya raba intanet ɗinta ga na'urori takwas, amma sai kwamfutar ta kwana a kunne. Dabarar fita kunya ce ta yini ɗaya.

Sai ƙaramin wifi na aljihu, mai kamar sabulun wanka. A sa masa layi, yana da batirinsa, yana ɗaukar na'urori goma ko fiye kaɗan, kuma in an ɗauke wuta zai riƙe ka wasu awoyi. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke yawo tsakanin Zinder da Mirriya ko Magarya, wannan nasa ne. A matsayin intanet ɗin gida kuwa ina da ja. Ba shi da ramin kebul, don haka kwamfutar tebur irin ta yayata, wadda ba ta da wifi, ba ta da rabo sai an jona ta da shi ta kebul na USB, ko an saya mata ɗan makullin wifi na USB. Ƙarfinsa bai cika wuce ɗaki ɗaya da baranda ba. Ga kuma zafi. Nawa na farko na bar shi a caji dare da rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Wata safiya na tarar murfin bayansa ya ɗage, batirin ya kumbura kamar fanke a mai. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi da caji marar yankewa, kuma in ya kumbura, fitar da shi daga ɗaki kawai za ka yi.

Abin da nake ba yawancin gidaje shawara a kai shi ne ruta mai ramin layi, wadda masu shago ke kira modam ko akwatin wifi. Tana zaune wuri guda, eriyarta ta fi ta salula kama rezo, ba ta da batirin da zai kumbura, kuma tana ɗaukar na'urori wajen talatin. Sai dai ba duka suka zama ɗaya ba, kuma yawan ƙahonnin da ke kanta ba shi ne ma'auni ba. Juya bayanta ka ƙirga ramukan kebul. Huawei B310 rami ɗaya gare ta; B315 huɗu, haka ma TP-Link TL-MR6400. In kana da kwamfutar tebur ko injin buga takarda, mai huɗu za ka nema. Duba kuma ko tana da wurin ɗaura eriyar waje, irin ramuka biyun da ke bayan B315. Wanda ke bakin gari, inda rezo ke zuwa yana komawa, eriya a kan dogon ƙarfe sama da rufi tana iya yi masa abin da sauya layi bai yi ba.

Za ka ga an rubuta 2.4 GHz a wasu, wato zangon da wifi ɗin ke bi, wasu kuma 2.4 da 5, kamar Archer MR200. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango, na 2.4 ya fi ratsawa ya kuma fi nisa. In intanet ɗinka daga layin 4G yake, da wuya gudunsa ya fi ƙarfin na 2.4, don haka ban ga dalilin ƙara kuɗi don na 5 ba, sai fa in gidanka na tsakiyar maƙwabta masu wifi barkatai da ke cushe wa juna hanya. Lambar nan ta megabit 150 ko 300 da aka buga ɓaro-ɓaro a kwali kuwa iyakar abin da na'urar ke iya ɗauka ne, ba alkawarin abin da za ka samu ba.

Kaya da yawa daga Kano suke shigo mana, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. Akwatin da wani kamfanin sadarwa ya sayar da tambarinsa a jiki sau da yawa a kulle yake, layin kamfanin kawai yake karɓa. Mai shago zai ce maka an buɗe. Wataƙila gaskiya ne. Amma ka sa layinka a gabansa, ka buɗe shafi a kwamfutarka, sannan ka sa layi na biyu na wani kamfanin. Wanda ya ƙi a gwada, ka san inda aka dosa. Dubi cajar ma: ta Najeriya ƙafa uku ce masu faɗi, soket ɗinmu kuwa mai ramuka zagayayyu ne, sai ka haɗa da adafta. Kada ka yarda a musanya maka da kowace caja don kawai bakinta ya shiga. Wasu rutocin volt 12 suke sha, wasu 9, an rubuta a ƙasansu.

Wannan rubutu na volt 12 shi ne ya sa nake son ruta a garinmu. In an rubuta 12V 1A, ke nan ba ta wuce watt 12, kamar ƙwan fitila ɗaya. Ƙaramin batir mai 12V 7Ah a lissafi zai riƙe ta awa bakwai. Akwai kuma ƴan akwatunan batir da aka yi musamman don ruta, ana sa su tsakaninta da soket, wuta ta ɗauke ba ta ma sani ba. Mai fanon sola a gida zai iya jawo mata wuta ta na'urar da ke tsayar da wutar a volt 12, da fiyus a tsakani, ba kai tsaye daga bakin batir ba, don batir in yana caji yakan haura volt 14. Kwamfutocin hannu dama suna da nasu batirin, ka ga aiki bai tsaya ba ke nan. Kuɗin wannan batir ka sa shi cikin lissafi tun farko. Ruta mai tsada da babu batir, a lokacin zafi, ado ce a kan tebur.

Sai maganar bango. Gidajen Birni masu katangar ƙasa mai kauri suna shanye wifi, bulo mai ƙarfe a ciki da ƙofar kwano ma haka. Gidajenmu kuma ba dunƙule suke ba: zaure can, ɗakin maigida nan, shago a waje, tsakar gida a tsakani. Ruta ɗaya a ƙuryar ɗaki, bayan firij, ba za ta kai ko'ina ba. Ɗaga ta sama, kusa da taga mai kallon tsakar gida, nesa da rana. In har yanzu akwai inda bai kai ba, masu shago za su miƙo maka na'urar ƙara nisa, wadda ake cusawa a soket. Ni ba na son ta. Abin da ta kama mai rauni shi take maimaitawa, kuma irin masu arhar nan suna raba gudun biyu, don da baki ɗaya suke ji suke faɗa. Wadda ke bi ta wayoyin lantarkin gida kuma sai ɗakunan suna kan mita ɗaya, in wuta ta tafi ita ma ta tafi.

Kebul shi ne maganin. Kebul ɗin intanet da ake kira Cat5e yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, ba ruwansa da bango, ba ya cin wuta. Ana sayar da shi da mita, a matse maka kawuna a shago. In zai ratsa tsakar gida, a zura shi cikin bututun roba, don rana tana cinye fatarsa, awaki ma ba sa raina shi. In ramuka huɗu sun yi kaɗan, ƙaramin suwic, wato akwatin ƙara ramukan kebul, mai rami biyar ko takwas ya isa, ba ya buƙatar wani saiti. Can ƙarshen kebul ɗin kana iya sa tsohuwar ruta ta ba da wifi a wancan sashe. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, cire kebul ɗin waje da na eriya.

Wanda aikinsa ya fi ƙarfin forfe, kamar mai gidan intanet, ko ƙungiya, ko gidan da ake taro ta bidiyo kullum, yana da ƙofa biyu. Ya je ofishin Niger Telecom ya tambaya ko layinsu na gida ya iso unguwarsa, da abin da ake biya a wata. Ko kuma Starlink, da ya fara aiki a Nijar a 2025. Ba ruwansa da eriyar unguwa, sama kawai yake so a buɗe, babu inuwar bedi ko bene. Amma kayansa sun ninka kuɗin ruta sau da yawa, ga biyan wata, ga cin wuta: babban farantin yana shan watt 75 zuwa 100, ƙaramin da ake kira Mini tsakanin 25 da 40. Batirin da ya riƙe ruta awa bakwai, babban farantin zai shanye shi cikin awa guda. Ga gida mai kwamfuta uku da aikin makaranta, ya yi yawa, sai in gidan babba ne ana karo-karo.

Ko wanne ka ɗauka, ranar farko forfe zai ba ka mamaki. Kwamfuta in ta ga wifi ɗauka take kyauta ne, sai Windows ta hau sabunta kanta, giga biyu ko uku su tafi ba wanda ya taɓa komai. A kowace kwamfuta ka shiga saitin wifi ɗin ka nuna mata cewa intanet ɗin na awo ne. YouTube a rage kyan hotonsa zuwa 360 ko 480. Sannan ka shiga shafin ruta ɗin, adireshin na rubuce a ƙasanta, yawanci 192.168.8.1 a Huawei, ka sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, ka zaɓi tsaron WPA2, ka kashe WPS, wato hanyar shiga ba tare da kalmar sirri ba. A nan ne kuma za ka ga sunan duk na'urar da ke kai. A gidan yayata sati bai cika ba na ga salula goma sha ɗaya, alhali na gidan shida ne. Autansu ne ya nuna wa abokansa hoton nan mai ɗigo-ɗigo da Android ke fitarwa, wanda ake ɗauka da kyamara a shiga ba tare da an rubuta komai ba. Majalisa guda ta koma gindin katangarsu. Na toshe baƙin, na sauya kalmar, na sa wa kowa da hannuna.

Abin da muka saya musu a ƙarshe: ruta buɗaɗɗiya mai rami huɗu, ɗan akwatin batir, da kebul mita 25 zuwa shago. Tana kan wani katako da aka kafa sama da tagar falo, an yafa mata ƙyalle mai shara-shara saboda ƙurar hunturu, ba a toshe ramukan iskarta ba. Layi biyu suke ajiye da shi, na biyun a cikin kwalin ashana kusa da ita, don ranar da na farko ya yi nauyi.