Kafin ka sayi kayan koyon jerin kod na jaz

Duk mai son ya iya ƙirƙirar kiɗan jaz nan take, jerin kod ne zai fara sha masa kai, kod kuwa shi ne sautuka uku ko fiye da ake bugawa tare. Kiɗan ya fi yawo a kan jerin da ake kira ii-V-I, wato kod uku a jere kamar Dm7 zuwa G7 zuwa Cmaj7, a juya shi a ki 12 (ki shi ne sautin tushe da ake gina waƙa a kansa). Kayan koyo kuwa sun cika kasuwa, kowanne da aikinsa.

Littafin Real Book ɗaliban kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston ne suka haɗa shi a shekarun 1970, ana sayar da shi a ɓoye, sai a 2004 kamfanin Hal Leonard ya fitar da na halal. Karin waƙa da kod ɗinta duk suna shafi guda. Sai dai ba zai gaya maka dalilin da G7 ke jan kunne zuwa C ba, kuma in ba ka iya karanta rubutun kiɗa ba, rabin kuɗinka ya sha ruwa.

Manhajar iReal Pro kod kaɗai take nunawa, babu karin waƙar, amma tana buga maka ganga da bes da fiyano. Kana iya sauya ki, ka rage gudu, ka sa layi huɗu su yi ta maimaituwa har yatsu su saba. Sautin na inji ne, ba ya numfashi, amma don atisayen kullum ita zan fara saye. Wata manhajar irinta, Band-in-a-Box, ta fi ta zurfi da tsada. Mafari bai buƙace ta.

Faya-fayan atisaye na malamin jaz Jamey Aebersold, da suka fara fita a 1967, makaɗa na gaske ne suka buga. Fiyano na lasifika ɗaya, bes na ɗayar, sai ka kashe wanda za ka maye gurbinsa.

Wanda aka fi rainawa shi ne manhajar rage gudun faifai irin Transcribe!, wadda ke jan kiɗa a hankali ba tare da amo ya sauka ba. Da ita za ka ji da kunnenka yadda sautin F na cikin G7 ke gangarowa rabin mataki ya zauna a kan sautin E na Cmaj7, ka kuma kama abin da mai busa ya yi a daidai wannan gaɓar. In kuɗin abu biyu gare ka, haɗa ta da iReal Pro, littafin ya jira sai ka iya karatu.