Masu fitar da layin inabi da na ɗauko zuwa gonata a Daura

Gonar da Baba ya bar mana a hanyar Mai'adua gero da wake kawai ta sani. Bara da na haƙa rijiyar burtsatse na sa mata sola, sai na ce bari in gwada inabi. Duk wanda na tambaya Kudan da Hunkuyi yake nuna mini, can jihar Kaduna inda noman inabi ya kafu. Can na samo wasu mutum huɗu da gyaran ƙasa da fitar da layi ne sana'arsu. Muka yi jinga, suka zo ƙarshen Oktoba, ƙasa da sauran danshin damina.

Ranar farko raina bai so ba. Na ɗauka da sun sauka za a kira tarakta. Sai babbansu, wani dattijo marar yawan magana, ya sa aka haƙa ramuka uku masu zurfin ƙugu a wurare daban-daban, aka cika su da ruwa, ya ce sai gobe. Da safe biyu sun tsotse ƙaf, na kusurwar kudu kuwa ruwa na nan kwance. Ya ce, "Alhaji, inabi na son ruwa, amma ba ya son saiwarsa ta kwana a ciki. Nan wurin a bar wa wani abin." Tun ina yaro nake shiga gonar nan, ban taɓa sanin akwai laka mai tauri a ƙarƙashin yashin wurin ba.

Bayan tarakta ta yi huɗa ta bi da haro, sai aka zo aikin da na ga kuɗina ya halatta. Igiya ce da turaku da toka, ba wata na'ura. Ya fara ja doguwar igiya daga arewa zuwa kudu, domin rana ta bugi gefen gabas na layi da safe, ta bugi na yamma da la'asar. Wajen fitar da kusurwa ya auna mita 3 a kan igiyar, ya auna mita 4 ta gicciye, ya dinga gusa turke har tsakanin bakin biyun ya cika mita 5 cif. Ɗana da ke sakandare yana tsaye, ya ce lissafin da ake koya musu a aji ke nan. Dattijon ya ce shi a wurin maigidansa ya gani.

Tsakanin layi da layi mita 3, tsakanin rami da rami mita 2. Layi 14 muka samu, kowanne da rami 26, jimla 364. Ya bar mita 5 a kan kowane layi don amalanke ta samu wurin juyawa. Na yi ƙorafin ana ɓarnar fili, ya ce in tuna wannan shuka ba gero ba ce da za a gyara kuskurenta baɗi, inda aka kafa ta nan za ta shekara da shekaru. Ya kuma ja layin farko nesa da itatuwan darbejiyar da ke kan iyaka saboda inuwa da saiwa. Ramukan kamu uku-uku ne faɗi da zurfi, wajen santimita 60, ƙasar sama a tara gefe guda, ta ƙasa a ɗaya gefen, don ta saman ce ake cuɗawa da taki a mayar ciki.

A wajen takin ne suka ɓata mini. Ruɓaɓɓen takin da na tanada ya ƙare saura layi uku. Maimakon su dakata in nemo, sai yaran suka zuba ɗanyen kashin shanu da aka kwaso daga turken maƙwabci, suka rufe, don suna sauri su koma wani aikin. Ban sani ba sai bayan dashe, da ganye ya fara yaushi a layukan nan kaɗai. Na tona gindin ɗaya, na tarar gara ta yi gida, ta cinye ɓawon saiwar. Dashe 31 na rasa. Mun yi da su za su dawo ranar kafa turakun rumfar da inabin zai hau, har yau ba su zo ba, waya ma sai an yi ta kira.

Kuɗinsu ya kusa ninka na 'yan ƙwadagon gida, duk da haka in wani ya tambaye ni zan ce ya ɗauko su, amma ya tanadi takinsa ya wadata tun kafin su iso, ranar cika rami ya tsaya a kansu da ƙafarsa, kuma ya riƙe wani kaso na kuɗin sai sun dawo.

Ni da ƙanena muka kafa turakun rumfar a makon jiya, a kan alamun da dattijon ya bari. Da muka ja waya daga turken farko zuwa na ƙarshe, ba mu gusa ko ɗaya ba.