Albasar furen amarilis a Damagaram: abin da na gani bayan hunturu biyu

Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi har sai da albasar ta zagayo shekara a hannuna, domin furen farko ba ya nuna gwanintar mai shuka, kuma ba ya nuna ko kayan ya dace da garinmu. Manomin da ya yi renon albasar a Holan ya riga ya gama aikin, tunda tohon furen yana kwance a cikinta tun kafin a sa ta a kwali, abin da ya rage wa mai saye shi ne ya ba ta ƙasa da ɗan ruwa. Ko za ta sake yin fure bayan ta sha zafin bazarar Damagaram, wannan ne abin da nake son sani, kuma yanzu ina da amsa daidai gwargwado.

A farkon watan Nuwamban 2023 na sayi albasa uku daga wata mai sayar da furanni a Yamai, wadda na ga tallarta a WhatsApp. Ƙanwata ce ta je ta karɓa, ta sa mini saƙon a motar fasinja, ya yi tafiyar kusan kilomita 900 kafin ya iso hannuna. Biyu daga ciki jaka bakwai bakwai na biya, ɗaya nau'in Red Lion mai fure ja wur, ɗaya kuma Apple Blossom mai fari da ratsin ruwan hoda. A jikin takardarsu an rubuta 30/32, wato faɗin kewayen albasar da santimita, kuma wannan lamba ita ce abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya, domin babbar albasa takan fitar da kara biyu ko ma uku, ƙarama kuwa sau da yawa ɗaya take bayarwa. Ta ukun ita ce mafi tsada, jaka goma sha biyu, an lulluɓe ta da kaki mai ruwan zinariya, aka ce mini ba ta bukatar ƙasa ko ruwa.

Gaskiya mai kayan ta faɗa, amma ba duka ba. Albasar kakin ta yi fure a kan tebur ba tare da ɗigon ruwa ba, baƙi suka yi ta mamaki, sai dai da furen ya bushe na ɓare kakin domin in dasa ta, na tarar babu saiwa ko ɗaya, an datse gindinta, jikinta ya motse kamar albasar miya da ta kwana biyu a kwando. Na sa ta a ƙasa duk da haka, bayan mako uku ta ruɓe. Wanda yake neman abin kyauta na wata ɗaya zai ji daɗinta, amma wanda yake son shuka ya bar ta a inda ya gan ta. Apple Blossom ma ta iso da wani jan tabo mai ɗan laushi a gefe, kuma da na aika wa mai kayan hoto sai ta ce wahalar hanya ce. Mai yiwuwa haka ne, domin jikin wannan albasa yakan yi ja a duk inda ya ƙuje, amma akwai kuma wata cuta ta naman gwari da ke yin irin wannan tabo, tana bin kara ta lanƙwasa shi. Na kankare wurin da wuƙa mai tsabta, na shafa garin gawayi, na bar ta kwana biyu a inuwa ta sha iska, kuma tabon bai sake dawowa ba.

Sunan da ake sayar da ita da shi yana da ɗan ruɗani. Amarilis ta ainihi tsiro ce ta yankin Kef a Afirka ta Kudu, wadda kuwa ake sayar mana a kwali masana suna kiranta Hippeastrum, asalinta daga Kudancin Amurka ne, ƙasashe irin su Barazil da Peru da Bolibiya. An daɗe ana gardama a kan sunan kafin taron masana tsirrai na duniya ya raba gardamar a 1987, amma ƴan kasuwa ba su sauya bakinsu ba. Dangi ɗaya take da albasar kwaɗi da muke gani a fadama da damina, kuma kamannin bai ɓuya ba. Ranar da nake dasawa maƙwabciyata ta shigo, ta tsaya tana kallon hannuna, sannan ta rage murya ta ce, “Malama, wannan gadalin na mene ne, na kasuwa ko na tsari?” Na ce, “Hajiya, na kallo ne kawai.” Ta ce, “To, Allah Ya kyauta,” da alama ba ta gamsu ba.

Kamanninta da albasar miya ba abin wasa ba ne a gidan da ke da yara. Tana da dafi a albasarta da ganyenta, wanda ke sa amai da gudawa idan aka ci, saboda haka ban taɓa ajiye ta kusa da madafa ba, kuma na ɗora tukwanen inda akuya ba ta kaiwa.

Tukwanen ƙasa na Miriya na yi amfani da su, kuma a ganina sun fi na roba nesa ba kusa ba, domin suna tsotse rarar ruwa, suna sanyaya saiwa, nauyinsu kuma yana hana tukunya kifewa idan kara ya yi tsawo. Sai dai dole a huda gindinsu, a rufe hudar da tsingaro domin ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya. Amarilis ba ta son tukunya mai faɗi; tazarar yatsa biyu tsakanin albasa da bakin tukunya ta isa. Na haɗa ƙasar lambu da yashi mai tsakuwa da tsohon takin shanu wanda ya ruɓe har ya koma gari, kowanne kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana jawo gara, yana kuma ƙona saiwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a binne albasar duka: kashi biyu cikin uku a ƙasa, kashi ɗaya da wuyanta a waje. Na ba su ruwa sau ɗaya a kewayen albasar ba a kanta ba, sannan na ɗaure hannuna har sai da na ga toho.

Wannan haƙurin shi ne mafi wuya ga wanda ya saba da shukar yakuwa da tumatir, domin hannu yana ta ƙaiƙayin ɗaukar buta. Amma albasar da ba ta yi sabuwar saiwa ba ba ta shan ruwa, zama kawai take yi a cikin laima har ta ruɓe. A garin da kowa ya san darajar bido ɗaya, inda famfo kan yi kwanaki bai zo ba a wasu unguwanni, wannan hali nata abin yabo ne: ko bayan ta fara girma, moɗa ɗaya duk bayan kwana huɗu ko biyar ta ishi tukunya a lokacin sanyi. Nakan tura yatsa cikin ƙasar, idan na ji danshi in fasa.

A rana ta goma sha biyu Red Lion ta fito da wani koren abu mai faɗi da tsini daga gefen wuyanta, kamar bakin mashi, wanda ya bambanta da ganye saboda kaurinsa da ɗan tsagin da ke samansa. Daga nan girman ya zama abin kallo, har na riƙa yin alama da alli a jikin bango kowace safiya, kuma akwai kwanakin da karan ya ƙaru da fiye da santimita biyu. Ya tsaya a wajen santimita 55, kube ya tsage, furanni huɗu suka buɗe bi da bi, kowanne yana fuskantar kusurwarsa, kowanne ya kai faɗin tafin hannuna. Wannan ya faru a mako na bakwai, cikin kwanakin ƙarshe na Disamba, daidai da abin da takardar ta ce na mako shida zuwa takwas. Kara na biyu ya biyo baya bayan kwana goma sha biyar. Sanyin hunturu ya taimaka ƙwarai, domin furannin kowane kara sun kai kusan mako biyu, amma iskarsa da ƙurarsa abokan gaba ne. Karan amarilis rami ne a cikinsa kamar na gwanda, iska mai ƙarfi tana iya karya shi, shi ya sa na kafa masa siririn itace na ɗaure da ƙyalle, na kuma shigar da tukwanen falo kusa da taga, ina juya su kullum domin kada karan ya karkata wajen haske.

Har zuwa nan takardar bayanin da ta zo da Faransanci ta yi mini amfani. Daga nan kuma ta zama ta mutanen wata ƙasa. Ta ce bayan fure a yanke kara a bar ganye, wannan daidai ne, domin ganyen ne ke mayar wa albasa abincin da ta kashe, kuma duk wanda ya yanke shi don ya ga ba shi da kyau ya yanke furen baɗi. Amma ta ƙara da cewa a fitar da tukunya rana sosai idan lokacin zafi ya zo. Zafin Turai daban, namu daban. A watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yini biyu kacal a tsakar gida suka sa bakin ganyen ya yi fari ya bushe, tukunyar kuma ta yi zafin da ba a iya taɓawa. Na mayar da ita ƙarƙashin rumfar zana ta gabas, inda take samun hantsi zuwa ƙarfe tara sannan inuwa har yamma, na sa tukunyar cikin wata babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, na koma ba ta ruwa duk bayan kwana biyu. Takin zamani 15-15-15 nake jiƙawa, ɗan abin da yatsa uku suka ɗauka a cikin lita biyu, sau biyu a wata. Sau ɗaya na ga farin ƙwaro mai kama da auduga ya taru a wuyanta, na goge shi da ruwan sabulu.

Apple Blossom kuwa na gwada ta a ƙasa, a gindin lemun tsami da ke bayan ɗaki, domin in ga ko za ta zauna a lambu. Bazara ba ta dame ta ba kamar ta tukunya, saboda ƙasa ta fi riƙe sanyi. Agusta ce ta kusa kashe ta: wurin yana da ɗan kwari, ruwa ya kwanta kwana biyu, ganye biyu suka yi rawaya. Na tono ta, na tayar da kunya mai tudu da yashi, na sake dasa ta da wuyanta a waje, ta farfaɗo. Wanda zai shuka a lambu ya fara da tudun, kada ya jira ruwa ya koya masa.

Saura batun hutu, wanda a kansa ne takardar ta fi nesa da mu. Ta ce a ajiye albasa mako takwas zuwa goma a wuri mai sanyin digiri 10 zuwa 13. A Satumba da Oktoba babu irin wannan ɗaki a Damagaram, firiji kuma ban amince da shi ba, saboda ɗaukewar wuta da kuma iskar da ƴaƴan itace ke fitarwa wadda ke lalata tohon da ke cikin albasa. Abin da na yi shi ne na jinkirta hutun, na ci gaba da ba Red Lion ruwa har ƙarshen Oktoba, sannan na daina gaba ɗaya, na ajiye tukunyar a lungun randa, na bar daren Disamba ya yi aikin da ɗakin sanyi ke yi a Turai. Ganyen ya bushe da kansa na cire. A tsakiyar Janairun 2025 na kwashe ƙasar sama na zuba sabuwa, na ba ta ruwa, kuma a ƙarshen Fabrairu ta fitar da kara ɗaya mai furanni huɗu. Bai kai na bara tsawo ba, furannin kuma kwana takwas suka yi saboda zafi ya fara shigowa, amma jan yana nan yadda yake. A bana ina da niyyar daina ruwan tun farkon Oktoba domin furen ya faɗo cikin sanyi. Apple Blossom ba ta yi fure ba a shekara ta biyu, kuma ban ɗora laifin a kan kayan ba, tunda ta rasa saiwoyi a tonon Agusta.

Idan aka tambaye ni ko kuɗin sun biya, zan ce na albasa biyu marasa kaki sun biya, na mai kaki kuwa sun tafi. Zan sake saye, amma zan nemi a nuna mini gindin albasar a hoto in ga saiwa, in tambayi lambar girmanta, kuma ba zan karɓi saƙo ba bayan Disamba ta wuce, domin furen zai faɗa cikin bazara. Da nake sauya wa Apple Blossom wuri na tarar ta yi ƴaƴa biyu a gefe, kowanne kamar goro. Na ɓalle ɗaya da saiwarsa na ba Hajiya a ƙaramar tukunya, na gaya mata sai ya yi shekara biyu ko uku kafin ya yi fure. Ta ajiye shi a bayan ƙofar ɗakinta, kusa da nata gadalin, kuma har yanzu ina lallashinta ta fito da shi inda zai riƙa samun hantsi.